Sai Bango Ya Tsage: 'Ya'yanmu da Cutar Ƙanjamau a Ƙasar Gobir

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar Goronyo, in ya isa Sabon Birni to ya shiga tsakiyar ƙasar Gobir. Nan kusa, a gefen gulbin Rima, kufan Alkalawa yake, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, wanda kuma rundunar jihadi ta ci a shekarar 1808. Da birnin ya faɗi sai Gobirawa suka watse. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga bisani suka kafa Sabon Birni. Saboda haka iyakar da Turawa suka shata tsakanin Nijeriya da Nijar ba ta taɓa raba dangi ba. Kaka tana can, jika yana nan, kasuwa ɗaya ake ci, aure kuma ana ƙulla shi ta kowane gefe.

A 'yan shekarun nan mutanen wannan ƙasa sun sake watsewa, wannan karon saboda 'yan bindiga. Ran 27 ga Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Disamba 2021 aka ƙone wata motar fasinja kusa da Gidan Bawa, mutum fiye da 20 suka mutu. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Daga 2019 dubban jama'a suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu kuma suka taru a garuruwan Isa da Sabon Birni da Sakkwato, a makarantu da kangaye da gidajen dangi.

Jaridu da gidajen rediyo sun ba da labarin waɗanda aka kashe. Waɗanda ba a cika jin labarinsu ba su ne yaro ɗan shekara 14 da yarinya 'yar shekara 15 da suka tsira da rai, amma suka rasa gona da makaranta, wani lokaci har da uba. A kansu muke so mu yi magana yau, su da wata cuta da takan bi sawun yunwa da gudun hijira a hankali, wato ƙanjamau, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke kira sida.

Wani zai ce ina ruwanmu, tun da Kirista ba su da yawa a Isa da Sabon Birni? To, akwai 'yan'uwanmu a can, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da jami'an tsaro. Waɗanda suka gudo kuma a unguwanninmu suka sauka. Yaransu da namu famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, tasha ɗaya suke talla. Abin da ya sami Gobir ya sami wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Kudancin Kaduna, inda ikkilisiyoyinmu da dama suka watse. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ƙididdiga ta nuna

An fara gano cutar a Nijeriya a 1985, aka sanar da duniya a 1986, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya. Ɗaya daga cikin mutum biyun farko yarinya ce 'yar shekara 13. Wato tun daga ranar farko cutar ba ta bar yara ba. Gwajin da ake yi wa mata masu ciki a asibitoci ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau har kashi 5.8 a 2001. A waɗannan shekaru ne mutane suka yi mata laƙabi da "kabari kusa", domin wanda ya kamu ba shi da abin jira sai likkafani.

A 2018 gwamnati ta yi babban bincike gida-gida a dukan jihohi, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris 2019. An samu kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita kuma wajen mutum miliyan 1.9. A shiyyar Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne kawai, wato mutum 6 cikin dubu, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya yi ƙaranci. Ɗaya daga cikin dalilai ita ce kaciya, wadda kusan kowane namiji a nan yake da ita. Likitoci sun tabbatar tana rage kamuwar namiji daga mace da wajen kashi 60 cikin ɗari, ko da yake ba ta hanawa gaba ɗaya.

Wannan abin godiya ne, amma kada ya sa mu barci, saboda dalilai uku. Na farko, an yi binciken ne kafin hare-haren da muka lissafa a sama. Na biyu, binciken ya nuna mata sun fi maza kamuwa, kashi 1.9 ga mata, 0.9 ga maza, kuma a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24 matan sun ninka mazan fiye da sau uku. Mace 'yar 21 da aka gano tana da cutar yau, sau da yawa ta kamu ne tun tana 'yar 16 ko 17, domin ƙwayar takan zauna a jiki shekaru da yawa ba alamar komai. Na uku, wani binciken lafiyar iyali da aka yi a 2018 ɗin ya nuna cewa cikin matasa 'yan 15 zuwa 24, kashi 43 na mata da kashi 34 na maza ne kaɗai suke da cikakken sani game da yadda ake kamuwa da yadda ake kaucewa. Fiye da rabin 'ya'yanmu suna tafiya cikin duhu ke nan.

Inda bangon ya tsage

Mun saba, in aka ambaci ƙanjamau da matasa, mu ce ai yaran zamani ne suka lalace. Akwai lalacewa, ba mu musa ba. Amma wanda ya dubi abin da ya faru a gabashin Sakkwato zai ga cewa abubuwan da suke tsare yaro ne suka rushe ɗaya bayan ɗaya. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tsagewa ta farko yunwa ce. A ɗauki misalin yarinyar da iyayenta suka baro ƙauye da abin da ke jikinsu kawai. A gida tana da rumbu, tana da kaka da gwaggo da suke sa mata ido. A gari kuwa ita ce take fita da faranti tun safe, tallar gyaɗa ko ruwa ko awara a tasha, in ba ta sayar ba a kwana da yunwa. Sai wani magidanci ya ce zai saye duka, amma ta kai masa ɗaki. Yarinyar da ƙannenta suke kuka a gida ba ta da bakin cewa a'a, balle ta kafa masa sharaɗi. Kuma tun da ya girme ta da shekara 15 ko 20, ya yi mu'amala da mata da yawa kafin ita, haɗarin da ke tare da shi ya fi na tsaranta nesa.

Ta biyu fyaɗe ne. Kowa a yankin ya san abin da ake yi wa mata da 'yan matan da aka sace, ko waɗanda aka tare a hanyar itace da gona. Jikin ƙaramar yarinya bai gama ƙwari ba, fyaɗe kuma yakan ji mata rauni, raunin nan kuwa ƙofa ce ga ƙwayar cuta. In an biya kuɗin fansa ta dawo, sai dangi su rufe maganar don gudun abin kunya, ba wanda zai ce a kai ta asibiti.

Ta uku makaranta ce. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba 2020, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana da ke bakin iyaka. A ƙauyuka da yawa malamai sun gudu tare da jama'a. Yaron da ba ya aji yana tasha ko bakin kasuwa, yarinyar kuma ana gaggauta aurar da ita don a rage baki a gida. Auren wuri daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa. A jihar Maraɗi, binciken 2012 ya nuna kusan mace 9 cikin 10 an aurar da ita kafin ta kai 18. Iyaye suna ganin sun tsare 'yarsu. Amma in angon ya taɓa aure sau biyu ko uku, ko ya daɗe a bariki, kuma ba a yi gwaji ba, to a ɗakin aurenta ne za ta gamu da abin da ake guje mata.

Ta huɗu ci rani ne. Tun kakanni samarin Gobir suke tafiya da rani su dawo da damina. Da noma ya gagara sai tafiyar ta daɗe. Yaro ɗan 16 yana Legas ko Ibadan ko Fatakwal yana acaba ko dako, wani yana ramin zinariya a Zamfara ko a arewacin Nijar. Ga ɗan kuɗi a aljihu, ba uba ba kawu, ga abokai suna yi masa dariya wai har yanzu bai san mace ba. In ya dawo, da abin da ya samo zai dawo, na alheri da na sharri.

Ta biyar ƙwaya ce. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Wani bincike kuma ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna shan miyagun ƙwayoyi. Wanda ya bugu da taramol ba ya tuna gargaɗin kowa. Masu tsira wa kansu allura kuma in suka yi karo-karon sirinji ɗaya, jinin wani ne yake shiga jikin wani kai tsaye.

Gaskiya da jita-jita

Ƙwayar cutar, wadda likitoci suke kira HIV, tana bi ta hanyoyi uku ne: jima'i, jini, da kuma daga uwa zuwa jariri a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. A ƙasarmu jima'i ne babbar hanya. Ciwon sanyi da sauran cututtukan al'aura masu sa gyambo suna sauƙaƙa mata shiga, don haka saurayin da yake ɓoye ciwon sanyi yana shan jiƙe-jiƙe a asirce yana ƙara wa kansa haɗari.

Ta wajen jini, sai mu kula da aska da allura. Gobirawa an san su da tsagensu, wanzami kuma yana da babban matsayi a suna da kaciya da ƙaho da cire beli. Ba mu ce a raina sana'ar kowa ba. Abin da muke cewa shi ne kowane yaro da sabuwar rezarsa, kuma kada a yarda mai kemis ya yi allura da sirinjin da ba a gaban ido aka ɓare shi ba. Jinin da za a ƙara wa mara lafiya kuma lalle a gwada shi.

Sauro ba ya ɗaukar ta. Ba a kamuwa ta gaisawa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko zama a benci ɗaya a sujada, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ba a gane mai ita da ido, domin mai ƙiba da sheƙi yana iya kasancewa da ita, ramamme kuma tarin fuka ne ko yunwa take damunsa. Ba sammu ba ce. Har yau ba a sami maganin da yake raba mutum da ita kwata-kwata ba, saboda haka duk mai maganin da ya ce zai warkar da ita da sassaƙe, kuɗinku yake so.

Awa 72

Ga wani abu da muke roƙo kowace uwa da kowane shugaban matasa ya riƙe da ka. In aka yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, akwai maganin da yake hana ƙwayar kama jiki, muddin an fara shan sa kafin awa 72 su cika, wato kwana uku. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kullum har kwana 28. Saboda haka kafin taron dangi, kafin zuwa wurin mai unguwa, kafin neman wanda ya aikata, asibiti ne farko. A je babban asibitin da ya fi kusa, a gaya wa likita ko nas gaskiyar abin da ya faru da lokacin da ya faru. In kwana ukun sun wuce, duk da haka a je, domin akwai raunuka da ciwon sanyi da za a yi wa magani, a kuma yi gwaji, a maimaita shi bayan wata uku, tun da ƙwayar ba ta bayyana a gwaji nan take.

Wadda aka yi wa fyaɗe ba ta yi zunubi ba, zalunci aka yi mata. In muka sa ta a gaba da tambayar me ya kai ta can, to mun koya wa ƙanwarta ta yi shiru ran da abin ya same ta.

Abin da yake riƙe yaro

Duk da wannan wahala, yawancin yaran nan ba su faɗi ba. Akwai 'yan mata a kangayen Sakkwato da suke talla su dawo gida lafiya, akwai samarin da suka yi shekaru a Kurmi suka dawo da mutuncinsu. Ya kamata mu tambaya, me ya riƙe su? In mun gane shi, sai mu ƙara shi.

Abu na farko makaranta. A ƙasar Botswana, wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna kowace shekara ɗaya da yaro ya ƙara a sakandare tana rage masa haɗarin kamuwa ƙwarai, musamman 'yan mata. A gundumar Zomba ta ƙasar Malawi kuma an gwada ba 'yan mata 'yan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata. Bayan wata 18 aka samu kashi 1.2 na waɗanda aka ba suna da cutar, alhali cikin waɗanda ba a ba ba kashi 3 ne. Da aka duba dalili, sai aka ga waɗanda suke da ɗan abin hannunsu sun rage hulɗa da manyan maza. Ba wa'azi aka ƙara musu ba, kuɗin sabulu da na littafi aka ba su. Wannan darasi ne ga zumuntar mata da kwamitin taimako na kowace ikkilisiya. Kuɗin makarantar yarinya ɗaya, ko keken ɗinki, ko jarin ƙuli-ƙuli ga uwarta don kada a aike ta tasha da dare, rigakafi ne na gaske.

Abu na biyu, babba guda ɗaya da yaro zai iya gaya wa komai. A al'adarmu akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, kuma ba mu ce a yar da ita ba. Amma kakanninmu sun san da haka, shi ya sa suka bar wa kaka da gwaggo da kawu wannan aiki. Kaka ce take wasa da jika har ta gaya mata abin da uwa ba za ta iya furtawa ba. Gudun hijira da zaman bariki sun raba yara da waɗannan mutane. To, wa zai maye gurbinsu? Matar fasto, malamar makarantar Lahadi, shugaban zumuntar matasa, maƙwabciya mai hankali. Sharaɗin kawai shi ne mai riƙe asiri. Ran da maganar yarinya ta fita daga bakin wanda ta amince da shi ta zama abin "roƙon addu'a" a gaban jama'a, ba ita ba sake buɗe baki.

Abu na uku, sani na gaskiya tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinya 'yar 10 ta isa ta san cewa ba wanda yake da ikon taɓa jikinta, ko malami ne ko ɗan'uwa ko mai ba da taimako, kuma in an taɓa ta ta faɗa ba za a doke ta ba. Yaro ɗan 13 ya isa ya ji daga bakin babba abin da abokansa suke nuna masa a waya. Koyarwarmu ita ce kamewa kafin aure da aminci a cikinsa, kuma ba abin da ya fi wannan tsaro. Amma kada mu yi wa yara ƙarya don mu tsorata su. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan kwaroron roba, sai dai abin da likitoci suka tabbatar shi ne yana rage kamuwa ƙwarai in an yi amfani da shi daidai kowane lokaci. Yaron da ya kama mu da ƙarya a abu ɗaya ba zai yarda da mu a sauran ba.

Abu na huɗu, gwaji. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 20 an san sakamako. Sau da yawa ma'aikatan asibiti sukan nemi yardar iyaye kafin su gwada wanda bai kai 18 ba, saboda haka mu iyaye ne za mu buɗe ƙofar. Uban da ya kama hannun ɗansa da ya dawo daga ci rani ya ce, "Zo mu je a gwada mu tare," ya yi abin da wa'azi goma ba su yi ba.

Waɗanda aka haifa da ita

Akwai wasu matasa a cikinmu da ba su taɓa sanin namiji ko mace ba, amma suna da cutar tun daga ciki. In ba a ba uwa magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari sukan kamu. In tana shan magani tun tana da ciki har ta yaye, sai abin ya koma ƙasa da 5 cikin ɗari. Shi ya sa zuwa awo yake da muhimmanci, shi ya sa kuma rufewar ƙananan asibitocin ƙauye saboda 'yan bindiga babbar hasara ce.

Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mai da maganin rage ƙarfin cutar kyauta a asibitocinta, daga 2016 kuma aka koma fara ba mutum magani da zarar an gano, ba sai ya kwanta ba. Yau ga yawancin mutane ƙwaya ɗaya ce a rana. Wanda yake sha ba fashi yakan yi ƙarfi, ya yi karatu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. In ƙwayar ta ragu a jininsa har gwaji ba ya ganinta, ba ya sa wa matarsa ta jima'i. Sunan "kabari kusa" ya daina zama gaskiya.

Sai dai shekarun tasowa su ne mafi wuya wajen shan magani. Yaron da aka ce masa maganin "ƙarin jini" ne yake sha, ran da ya gano gaskiya daga bakin wani yakan yi fushi ya watsar. Ya fi kyau a gaya masa a hankali, gwargwadon hankalinsa, kafin ya balaga, tare da taimakon ma'aikacin lafiya. Mai gudun hijira kuma da ya baro katinsa a ƙauye, kada ya ji tsoro, ya je asibitin garin da ya sauka ya faɗi maganin da yake sha. Kuma kada wani ya ce wa yaro ya ajiye magani don an yi masa addu'a. A yi addu'a, a sha magani. Da Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje a watan Janairu 2025 hankalin masu shan magani ya tashi, har Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na wannan shekara. Wannan ya nuna mana cewa haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar wakilanmu ko maganin yana isa asibitocin Isa da Sabon Birni.

Gwajin aure da tsangwama

Ikkilisiyoyi da yawa sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Abu ne mai kyau, in an yi shi da hikima. Sakamakon na masu auren ne, ba na kwamiti ba ne, ba kuma na sanarwa ba ne. In ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita, su zauna da likita su ji gaskiyar lamarin, su yanke shawara da idonsu a buɗe. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wa mai cutar bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti, ta kuma hana tona asirinsa ba da yardarsa ba.

A 1992 wani limamin Angilikan a Yuganda, Gideon Byamugisha, ya tashi ya bayyana cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ne shugaban addini na farko a Afirka da ya yi haka. Ikkilisiyarsa ba ta kore shi ba, ya ci gaba da hidima, mutane da yawa kuma suka sami ƙarfin zuciyar zuwa gwaji saboda shi. Matasanmu suna kallon yadda muke yi da gwauruwar da mijinta ya mutu da cutar, da marayan da ta bari. In suka ga an ware mata kofi, an daina sayen ƙosanta, to sun koyi cewa gara mutum ya mutu bai sani ba.

'Yan'uwa, ba mu da ikon kwance wa 'yan bindiga damara, wannan aikin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da kira gare ta. Amma abin da yake hannunmu ba kaɗan ba ne. A taron dattawa na wannan wata, a lissafa yaran da suka bar makaranta a unguwa, namu da na maƙwabta da na baƙin da suka gudo, a ga nawa za a iya mayarwa. Zumuntar mata ta gayyato nas ta yi bayanin awa 72. A zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙon asiri, a gaya wa matasa cewa ƙofarsu a buɗe take. A tuntuɓi limamin masallacin unguwa da mai unguwa a yi aikin tare, gama ɗa na kowa ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya kawo salama a ƙasar Gobir, ya mai da kowa gidansa, ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.